Makullin da Ya Bi Damin Zakka

Ni Sharu Sada maƙeri ne, ɗan maƙeri, jikan maƙeri, a nan Sandamu. Shekara hamsin da ɗoriya ina bugun ƙarfe. Bayan garma da lauje, abin da aka san ni da shi a garin nan shi ne ajiya. Mai tafiya ci-rani ya kawo mini takardar gonarsa, mai zuwa Makka ya kawo wasiyyarsa, tsohuwa ta kawo 'yan kunnenta a ƙulle a bakin zane. Ban taɓa buɗe baki na ce wa wani ya yi haƙuri a kan abin da ya ba ni ba. Yabon kai jahilci ne, na sani. Na faɗa ne don a san tsawon bishiyar da na faɗo daga kanta.

Da damina ta kankama bara, Abdulrazak ɗan marigayi aminina Malam Auta ya zo mini da motarsa, wata ruwan toka da ya sha wuya kafin ya saya. Likitan dabbobi ne, an tura shi ƙaro ilmi can kudu na wata uku. Matarsa kuma ta tafi gidansu a Mashi haihuwar fari, gidansa ba kowa. Ya durƙusa ya miƙo mini makulli mai baƙin kai, ya ce, "Baba, shi ke nan ɗaya tak. Wanda ya sayar mini bai ba ni na biyu ba."

Na ce, "Ko ɗaya ne ko goma, inda ka ajiye nan za ka tarar."

Na kafa wa motar rumfar zana a gindin darbejiyar da ke ƙofar maƙerata. Makullin kuwa na naɗe shi a wani tsumma da nake goge hannu, na yi masa irin ajiyar da na gada. Mahaifina ba ya sa amana a akwati, yana cewa ɓarawo akwati yake fara nema. A cikin damin gero yake cusa ta, can ƙasan rumbu. Haka na yi, makulli ya kwana wata biyu a rumbu lafiya lau.

Da kaka ta yi aka kawo sabon gero, sai ga rumbun ya tsage ta gefe, dole a kwashe abin da ke ciki a yi masa yaɓe. Na zaro tsumman, na duba sababbin damman da aka jingine a zaure, na zaɓi wanda ya fi kowanne cika da kauri, na cusa hannu har gwiwa na bar shi a ciki. Na ce in yaɓe ya bushe shi zan fara sa wa a ƙasa.

To, akwai wani gadon kuma da na ɗauka wurin mahaifina. Cikin dami goma, ɗaya ba naka ba ne, na Allah ne. Kuma ba a ba Allah na ƙarshen zaɓe, wanda ya fi kyau ake fitarwa. Sannan ba a kiran mutum ya zo ƙofar gidanka ya ɗauka idon jama'a na kansa. Da an idar da sallar asuba, kafin a fara gane fuska, sai ka tura kura ka jingine wa kowa nasa a bakin ƙofa, ka wuce ba sallama. Ya tashi ya ga arziƙinsa, bai san wa zai yi wa godiya ba sai Ubangijinsa. Shekara talatin ke nan ina yin haka. Bara dami bakwai na fitar, ƙofa bakwai na bi.

Wata Laraba da la'asar Abdulrazak ya kira ni a waya. Ya ce gobe war haka yana Sandamu, jibi Juma'a da sassafe zai wuce Mashi ya ɗauko matarsa da jaririn, sun yi arba'in. Na ce Allah ya kawo shi lafiya. Na shiga rumbu ina neman damin nan mai kauri.

Na fito da dami ɗaya, na fito da biyu. Na kwashe rumbun tas, ina zura hannu cikin kowanne har ƙaiƙayi ya cinye mini damtse. Ina tsaye a tsakar gida tsakanin tulin gero sai abin ya faɗo mini. Ranar da na ware zakka, da idona na bi damman ina zaɓen masu kyau. Wanda ya fi kowanne cika shi na fara ɗora wa kura.

Na zauna a kan turmi.

Shatu, mai ɗakina, ta fito daga madafa tana kallona. Da ta ji abin da ya faru ta ce, "To Malam, ai abin bai kai na zaman makoki ba. Gida bakwai ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ce a duba maka."

Na ce, "In ce musu me? Ni ne mai kawo muku gero, ku kwance in laluba?"

"Amanar mutane fa?"

"Ita ma wannan amana ce."

Ba zan kama sunan kowa a nan ba. Amma cikin gidajen nan bakwai akwai na mutumin da a da shi ke ciyar da rabin unguwarsu, yau sai rufin asiri, kuma kafaɗarsa na gogar tawa a sahun gaba kullum. In na tsaya a ƙofarsa na tambayi dami, na tuɓe masa riga a kasuwa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Shatu ta ce, "Bari ni in shiga ta wajen mata, kamar na je gaisuwa, in yi ta wayo."

Na ce, "Wayon naki da ba ya wuce ƙofar zaure? Kina zama za ki fara kallon rumbunsu."

"Ai shi ke nan. Sai ka hura wuta ka ƙera masa wani, tunda kai ne sarkin ƙarfe."

Gatse ta yi mini, amma sai da na yi tunanin hakan. Na buɗe kwaɗo ya fi a ƙirga a rayuwata, na gyara makullan shaguna da magagari. Na je na tsuguna a jikin motar na leƙa ramin makullinta, na ga ba irin ramin da na sani ba ne. Kuma ba na zura ƙarfe a cikin kayan da ba nawa ba. Na dawo.

Shatu ce ta kira 'yarmu Hussaina da ke aure a Daura. Hussaina ta ce akwai wani Nu'uman, ba shi da aiki sai makullan mota, kuma ba a kai masa mota, shi ke zuwa inda take, ko a daji ta tsaya. Na ce a kira shi. A raina kuwa na ƙudura abu ɗaya: ya yi makullin kafin la'asar, in miƙa wa Abdulrazak, bakina alekum.

Da hantsi ranar Alhamis ya iso a kan babur, da akwatin ƙarfe ɗaure a baya. Mutum ne da zai yi shekara arba'in, siriri, furfura ta fara taɓa masa gemu. Ya cire takalmi ya gaishe ni a tsugune. Da ya ɗaga kai ya ga uwar maƙera da zugazugi sai ya yi murmushi ya ce, "Ashe gidan iyayen gidana na zo. Kakana maƙeri ne a Dutsi."

Sha'aban mahauci, wanda muka yi wasan ƙasa tare, yana zaune a kan benci. Ya ce, "Yau ga abin kallo, wanzami zai sha jarfa. Sada, ashe akwai ƙarfen da ya fi ƙarfinka?"

Na ce, "Kai dai ji da ƙashin da kake auna wa mutane a madadin nama."

Nu'uman ya zagaya motar sau ɗaya, bai taɓa ta ba. Ya ce, "Baba, taka ce?"

"Ajiya ce."

"Takardunta fa?"

"Suna ciki."

"To sai a kira mini mai ita, in ga fuskarsa a waya, in ji daga bakinsa."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce, "Kai, ka san da wa kake magana? Tambayi duk wanda ka ga dama a garin nan."

Ya sunkuyar da kai, amma bai ja da baya ba. Ya ce, "Na tambaya tun a tasha, Baba, an faɗa mini. Sai dai abin da ke cikin akwatin nan, in na ga dama ba motar da za ta kwana a ƙofar mai ita daga nan har Katsina. Shi ya sa na yi wa kaina doka, ko mahaifina ne ya kira ni, ba na buɗe mota sai da yardar mai ita. In na karya maka yau don kai mutumin kirki ne, gobe wani zai zo da gemu irin naka."

Sha'aban ya yi dariya har da buga cinya. Ni ban yi ba. Na tuna shekarar da wani ya zo karɓar takardar gonar ubansa, da kuka da rantsuwa, na ce sai uban ya zo da ƙafarsa. Ashe sayarwa zai yi. Maganar da na faɗa wa yaron nan ranar, ita ce yau aka maido mini, ba ragi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Kira shi."

Fuskar Abdulrazak ta fito a wayar Nu'uman, yana cikin motar haya, sun baro Zariya. Na karɓa da hannu biyu. Ban taɓa jin nauyin harshena irin na ranar ba.

Na ce, "Abdulrazak, makullinka ya fita daga hannuna. Sakacina ne, ba na kowa ba. Ka yi haƙuri."

Ya ce, "Subhanallahi. Baba, a ina ya faɗi? Ko a sa a duba?"

"Na san inda yake. Ba zan iya zuwa in ɗauko ba, kuma ba zan faɗa maka dalili ba."

Na ga yana kallona ta cikin gilashin nan. Ya ce, "In ka ce haka, akwai abin da ka gani. Amma Baba, wanda makullin ke hannunsa fa? Kada wata rana in fito in tarar da wuri ba mota."

Nu'uman ya leƙo ya ce, "Wannan bar mini shi, Alhaji. Zan sa ta manta da tsohon." Ya tambaye shi lambar motar da sunan da ke jikin takardu, ya ce to, ya kashe waya, ya yi bismilla ya buɗe akwatinsa.

Abin da na gani daga nan, da wani ne ya ba ni labari da na ce ya ji tsoron Allah. Amma gani ya kori ji.

Ya ɗauko wani ɗan siririn ƙarfe mai hannu kamar almakashi, jikinsa da zane-zanen layuka, ya zura a ramin makullin ƙofa. Bai tura da ƙarfi ba. Yana taɓawa a hankali, kansa a karkace, kamar ungozoma na laluben ciki. Sai ya duba layukan ya rubuta lamba a bayan hannunsa, ya sake taɓawa ya sake rubutawa. Ni da na saba sai na kwance kwaɗo na zube hanjinsa a ƙasa kafin in san abin da ke ciki, ga mutum yana karanta cikin ƙarfe daga waje. Kafin Sha'aban ya gama ɓare goro, ƙofa ta ce ƙwas. Ko ƙwarzane babu.

Ya fara buɗe aljihun gaba ya ciro takardu, ya gwada sunan da wanda aka faɗa masa, sannan ya ci gaba.

Ya fito da wani inji da bai fi tukunyar miya ba, ya haɗa shi da batir, ya ɗaura masa makulli sumul marar haƙori. Ya danna lambobin nan na bayan hannunsa. Injin ya kama kuka siriri, wani ɗan haƙori yana tafiya da kansa a jikin ƙarfen, yana shiga yana fita, garin ƙarfe na zuba kamar tsaki. Ba wuta, ba gawayi, ba masaba. Na matsa har gemuna ya kusa taɓawa. Aikin da zai ci mini yini da magagari, in ma na dace, ya ƙare kafin in gama salati uku. Ya miƙo mini. Na shafa bakin da babban yatsa. Wallahi hannun mahaifina ma, Allah ya jiƙansa, bai taɓa fitar da layi mai tsabta haka ba.

Ya ce, "Baba, gwada."

Na zauna a kujerar direba, na zura, ya shige kamar an haife shi a wurin. Na murɗa. Mota ta yi tari, ta yi tari, ta ƙi tashi. Na sake, haka. Ba zan ɓoye ba, wani ɓangare na zuciyata ya yi sanyi don tsoro, wani kuma ya ɗan ji daɗi, na ce ashe dai injin ma yana kuskure.

Sha'aban ya ce, "To, an yi gudun gara an faɗa gidan zago."

Nu'uman ko a jikinsa. Ya ce, "Ƙarfen daidai yake. Ba ta san shi ba ne tukuna." Ya ɓare baƙin kan makullin ya nuna mini wani ɗan abu a ciki, bai kai ƙwayar wake ba. "Duk lokacin da aka murɗa, motar tana tambayar wannan, wane ne kai? In ya ba ta amsar da ta sani, ta tashi. In bai ba ta ba, ko haƙoransa sun fi na kowa kyau, ba inda za ta."

Na ce, "Tana tambaya? Da wane bakin?"

"Ba a ji, Baba. Amma suna magana."

Ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin sitiyari, ya jona wata igiya, ɗaya bakin a jikin wani allo mai haske. Rubutu ya yi ta gudu a kai. Ya ce yanzu yana gabatar da baƙo ga mai gida ne, sannan zai goge sunan tsohon daga cikin waɗanda ta sani. Muka zuba wa allon ido. Har Shatu ta leƙo ta bakin zaure da mayafi a ka. Wata 'yar fitila ja da ke ta ƙyaftawa a gaban direba tun ɗazu, sai ta ɗauke.

"Bismilla, Baba."

Na murɗa. Ta tashi. Ƙararta ta cika rumfar, zana na rawa.

Na daɗe a zaune hannuna a kan makullin. Shekara hamsin ina ɗauka na san ƙarfe, na san abin da yake so da abin da ba ya so. Ashe an kai zamanin da ƙarfe ke tambayar ƙarfe sunansa, ya ƙi baƙo, ya karɓi wanda aka gabatar masa, har a ce masa manta da wane ya manta. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanar da ɗan Adam abin da bai sani ba. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ranar na ga wanda bai kai ɗana na fari ba ya hango abin da ko rimi biyu aka ɗora mini ba zan gani ba.

Da zai tafi na shiga maƙera na ɗauko wata 'yar wuƙa da na ƙera da hannuna na ba shi. Ya juya ta, ya gwada kaifin a farce, ya ce, "Wannan kuma injina ba zai iya ba." Ko don ya faranta mini ya faɗa, na karɓa.

Abdulrazak ya iso bayan la'asar. Na miƙa masa sabon makulli a gaban Sha'aban, na sake ba shi haƙuri da bakina, don kada a ce a waya kawai na iya. Bai tambaye ni komai ba. Washegari ya ɗauko iyalinsa daga Mashi, har ya tsaya a ƙofata aka miƙo mini jaririn na yi masa addu'a. Labari kuwa ya zaga gari cewa ajiya ta ɓata a hannun Sharu Sada. Na ji, na haɗiye. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Bayan kwana goma sha biyu, na dawo daga sallar asuba na shiga maƙera zan hura wuta. A kan uwar maƙera, tsakiya, ga tsummana a naɗe. Na buɗe. Tsohon makulli ne, da ƙaiƙayin gero a maƙale a jikinsa. An wanke tsumman ma, an ninke shi.

Na fita na duba hanya, gabas da yamma. Ba kowa sai awaki.

Na kai wa Shatu na ajiye a gabanta, na ce, "Ke kika je?"

Ta ce, "Ka hana ni, in je?"

"To yaya aka yi aka san nan za a kawo?"

Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni yadda ake duban yaro. Ta ce, "Malam, duk Sandamu wa ke ɗaure dami da ƙulli biyu a gefe in ba kai ba? Kuma wa ke da kurar da ƙafarta ke kuka tun daga nan har bakin kasuwa? Shekara talatin mutane na jin wucewarka suna yin kamar barci suke."

Ni ina taƙama ina rufa musu asiri, ashe su ke rufa mini nawa. Da azahar na tsaya a sahu, mai kafaɗar nan yana gefena. Muka yi sallama, ya ba ni hannu kamar kullum, ya tambaye ni lafiyar iyali. Ko ƙyaftawar ido ban gani ba. Har yau ban san ko shi ne ba, ko ɗaya daga cikin shidan.

Na kai wa Abdulrazak tsohon makullin, don nasa ne. Muka gwada, ya shiga, ya murɗu, mota ta yi tari ta yi shiru, ba ta san shi ba. Ya ce in riƙe. Yana nan rataye a ƙusa bisa zugazugina.

Bana da kaka ta zo na zuba wa ƙafar kura baƙin mai, na kuma zauna na koyi wani ɗaurin dami daban. Shatu ta ce wahalar da kaina kawai nake yi.